Dokar Abdulsalam Direba

Duk wanda ya taɓa lodin masara a tashar Birnin Gwari ya san Abdulsalam Direba, mai farar a-kori-kura. Mutum ne mai barkwanci, da karen mota ya fara, a kan hanyar Kaduna kuma ya yi furfura. Da 'yan bindiga suka addabi hanyar, shi ya riƙa koya wa ƙananan direbobi dokarsa: in kana cikin daji ka ji ƙara, kada ka tsaya, kada ka waiwaya, taka mai kawai. Ba a musa masa, don ga hujin harsashi nan a ƙofar motarsa.

Autansa Suhaibu, ɗan shekara sha bakwai, a waya ya koyi rabin tuƙinsa. Da sabis ya zo sai ya sauke darussa, ya shige motar tana ajiye, yana murza sitiyari.

"Baba, malamin ya ce in taya ta fashe a ɗaga ƙafa daga mai, a riƙe sitiyari har mota ta lafa."

"Shi malamin naka ya taɓa bi ta dajin Kamuku? Ko daga kan kujera yake tuƙin?"

"Ya dai fi ka haƙuri, ba ya rankwashi."

Abdulsalam ya daɗe yana hana shi makulli, wai yaro bai nuna ba. To, kaka ta zo, yanar ido ta rufe masa gani, ga masara jibge a Gayam. Ya miƙa wa Suhaibu makullin, ya sake nanata masa dokar.

Da rana tsaka abin ya faru: motar ta kife a daji, Suhaibu ya rasu. Patience, wata 'yar kasuwa da ke zaune a gaba, ta tsira da karaya. Bayan an yi sadakar uku ta zo gaisuwa, hannu a ɗaure, Abdulsalam ya matsa mata sai ta faɗa masa yadda aka yi.

"Da muka ji ƙarar na ga ya ɗaga ƙafa, Baba. Sai kuma ya ce, 'Baba ya ce a taka.' Ya taka."

Babu ɗan bindiga ko ɗaya a wurin. Tayar gaba ce ta fashe.

Har yau Abdulsalam yakan lallaɓo tasha, ya zauna a benci kusa da mai shayi. Samarin direbobi sukan durƙusa su ce, "Baba, a ba mu shawarar hanya." Sai ya ce, "Allah ya kiyaye," ya kau da kai.