Noelene, Wadda Ta Aske Ciwon Daji

Tun kafin rana ta fara gasa garin Mildura, Noelene Pappas ta ɗaura 'yar tirelarta a bayan mota tana bin gida-gida da baho, almakashi, mataji da injin aski. Karnukan mutane take wa wanka da gyaran gashi. Karnukan na cizonta, masu karnukan na koya mata aikinta. A haka ta tsufa, kuma wannan bazarar ce ta ƙarshe, don yatsunta sun daina riƙe almakashi. Garin da ke kafa wa 'yan ƙwallo gunki bai ma san za ta tafi ba.

Maƙwabcina Clem Hartigan, wanda matarsa Glenys ta rasu bara, shi ne shaidar gwanintarta. Ta bar masa wani kare mai dogon gashi, Biskit. Ita ke taje shi kullum. Shi Clem dai abin da ya sani shi ne ana zuba wa kare abinci. Da zafin Disamba ya kankama, don a nan lokacin ake bazara, karen ya daina ci, sai haki, in an taɓa shi ya yi kuka. Clem ya lalubi cikinsa ya ji wani ƙullutu kamar dankali. Irin abin da aka samu a jikin Glenys ke nan, aka ce ciwon daji ne. Bai tambayi kowa ba, ya roƙi likitan dabbobi cewa washegari ya yi wa karen allurar ƙarshe, sannan ya kira Noelene.

"Ki wanke shi ya tafi da tsabta," in ji shi.

"Ina zai je?"

"Wajen uwar gidansa."

Ta durƙusa ta cusa yatsu cikin gashin, yatsun suka ƙi shiga. Gashin ya cukurkuɗe ya zama tabarma, ya manne da fata tun daga wuya har cinyoyi.

"Clem, yaushe rabon bawan Allahn nan da mataji?"

"Ana taje su ne?"

"A'a, da kansu suke zuwa shagon kitso. Riƙe masa kai, tsoho."

Clem ya rikice. Ya sha jin Noelene tana faɗa da masu cewa a yi wa karensu ƙwal saboda zafi, tana cewa gashin nan shi ne laimarsu. Yau ga ta ta kunna inji.

"Ba ke kika ce ba a aske su ba?"

"Mai gashi ba a aske shi. Wannan bargo yake saye da shi."

Ta bi a hankali, tana tsayawa injin ya huce, tana ba karen ruwa a tafin hannu. Gashin ya yi ta zubowa falle guda. Da ta kai ciki, sai ta yanko ƙullutun ta ajiye a hannun Clem. Curin gashi ne cike da ƙayar ciyawa, ƙarƙashinsa fata ta yi ja ta fara ruwa.

Clem ya dubi abin, ya dubi wata ramammiyar halitta mai kama da ɗan akuya da ke kaɗa masa wutsiya.

"To yanzu mutuwa zai yi ko ba zai yi ba?"

"Zai yi, amma bayanka, in ka koyi taje shi. Ka kai shi wajen likitan, a ba shi maganin gyambo."

"Na riga na haƙa ramin."

"Sai ka shuka lemo."

Ke ce, Noelene, mai laluben abin da ke ƙarƙashi kafin ki yarda da maganar mai shi. Ba ki yi wa dattijon nan wa'azi ba, kin dai dawo kin kama hannunsa kin nuna masa yadda ake farawa daga bakin gashi zuwa tushe. Mun gode. Masu tasowa a sana'ar, ku koyi durƙusawa irin tata.

Biskit na nan yana cin abinci kamar ba gobe. Clem kuwa har yau bai gane ko murna ya kamata ya yi ko jin kunya ba, don haka kowace safiya sai ya fito baranda ya taje karen yana zaginsa.