Hancin Yu Wartini

A unguwarmu ta bayan kasuwar Klaten, mai neman gidan Yu Wartini ba ya tambayar kowa, hancinsa yake bi. 'Yar kawuna ce, ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Yu, wato yaya, amma girman bai taɓa hana ni tsokanarta ba. Sana'arta wanki da guga, a sikeli take auna kayan mutane. Tun tana budurwa ta riƙe abu ɗaya a ranta: kayan da ba su yi ƙamshi ba, ba su fita ba.

Bayan ƙofarta jarkoki ne jere, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, kowace da hoton furen da ba wanda ya taɓa gani a ƙasar Java. Na wanki daban, na goge daɓe daban, na fesa wa labule daban. Inda aka ce a zuba murfi ɗaya, ita uku take zubawa don neman albarka. Da safe ƙamshin yakan fito ya kwanta a kan gonakin shinkafa kamar gajimare ya sauko hutawa. Na rantse na taɓa ganin malam-buɗe-littafi sun bi wani ɗan acaɓa daga ƙofarta har birnin Solo, sun zaci lambu ne ya hau babur.

Da tari abin ya fara. In ta fesa turare a riga ta ɗora dutsen guga, tururin ya taso mata, sai ƙirjinta ya riƙa fito kamar buta a kan wuta. Ta ce sanyi ne. Sai wata rana shinkafa ta ƙone ƙurmus tana zaune a gefen tukunyar tana ninke zannuwa, har maƙwabta suka shigo da bokitai.

Na ce bari in gwada ta. Na sayo durian, ɗan itacen nan da warinsa ke sauke mutum daga mota, na fasa shi a bayan kujerarta.

"Yu, ba ki ji komai ba?"

"Na ji surutunka, Gimin."

"Ƙuda ya suma a bayanki fa."

Ta waiwaya ta ga durian a buɗe. Ta kai hanci har yana taɓa shi, ta ja numfashi, ta sake ja. Na shirya dariya, amma da na ga fuskarta sai na haɗiye abata.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne 'yarta Ningrum tana da tsohon ciki, kuma haihuwar fari a gidan uwa ake jegonta. Mu kuwa ba da leɓe muke sumbatar jariri ba, hanci muke kafawa a kumatunsa mu ja ƙamshinsa har ciki. Kakar da ba ta da hanci, da me za ta gai da jikanta?

Ungozoma Bu Sarmi ta zo duba ɗakin da mai jego za ta zauna. Tun daga ƙofa atishawa ta kama ta.

"Wartini, gida ne wannan ko kantin turare? Ba jaririn da zan bari ya kwana a nan. Ke da kike babba ƙirjinki ya kasa, ina ga ɗan mitsitsin huhu?"

"Tsabta ce fa, Bu."

"Tsabta ba ta da ƙamshi. Ki kwashe jarkokin nan, ko Ningrum ta tafi gidan surukarta."

"To hancin nawa fa, zai dawo?"

"Wannan ban sani ba. Ki dai daina ba shi wahala."

Ni aka sa na kwashe jarkokin. Ni kuma aka tura shago in karanta bayan kwalabe in nemo marar turare, ni da ban gama firamare ba. Na tsaya ina haɗa baƙi har mai shagon ya kawo mini kujera. Har waɗanda aka zana wa ganye kore, in ka duba ƙananan rubutun, sai ka tarar da turare ya laɓe a ciki. Na dawo da sabulu fari guda, na ce, "Yu, shi kaɗai ne bai yi mini ƙarya ba."

Ta koma wanki da lerak, 'ya'yan itace masu kumfa da kakanninmu ke wanke batik, atamfarmu ta gargajiya, da su. Daɓe kuwa ruwan zafi da lemun tsami, tukwane da toka. Katifa da labule da tabarmi, duk ta baje a rana, har gidan ya zama kamar ya yi amai a tsakar gida. Masu kawo wanki suna shinshina kayansu suna ce mata ba ta wanke ba. Wasu suka daina zuwa. Ba ta kira su ba.

Tarin ya yi sauƙi, hancin shiru. Da azahar takan kishingiɗa a baranda, ta ce a mafarki tana jin komai: ƙasa in ruwa ya taɓa ta, man kwakwar da mahaifiyarta ke shafa wa kai, hayaƙin karan shinkafa. In ta farka sai duniya ta koma kamar hoto a bango.

Ningrum ta haifi namiji a asibiti, aka kawo su gida. Bu Sarmi ta zaga ɗakuna tana ɗaga hanci kamar mai neman ɓera, sannan ta ce a shigo da shi. Yu Wartini ta karɓe shi, ta kafa hanci a kumatunsa, ta ja dogon numfashi.

"Kai, ƙamshi!" in ji ta.

Kowa ya yi murna. Ni kaɗai ta kalla, ni kaɗai na san ba ta ji komai ba.

Haka aka yi ta tafiya, kullum tana shinshina yaro tana yabon ƙamshin da ba ta ji. Sai wani yammaci ana yayyafi, yana kwance a cinyarta, ina gefe ina cin soyayyar ayabar mai jego. Na ga ta yamutsa fuska.

"Gimin, kai ne?"

"Ni me?"

"Wannan wari."

Muka dubi yaron tare. Gogan ya cika zanensa, yana barci abinsa. Ningrum ta taso za ta ɗauke shi, kakar ta riƙe shi gam, hawaye na zuba.

"Bar shi tukuna," ta ce. "Bari in ƙara ji."