Bangon da Don Nicanor Yake Taɓawa

Shekara talatin da ɗaya Don Nicanor Uscanga ya yi yana tuƙa jirgin 'yan yawon buɗe ido a tashar Veracruz, kuma a iya sanina bai taɓa zuwa bakin ruwa kai tsaye ba. In ya fito daga gidansa na katako a unguwar La Huaca, sai ya ratse ta hasumiyar Santiago, guntun da ya rage na ganuwar da Turawan Sifen suka kewaye garin da ita. A nan yake tsayawa ya ɗora tafin hannu a bango, kamar mai taɓa goshin mara lafiya, sannan ya wuce.

Da dutsen teku aka gina bangon, mai ramuka kamar soso, domin ƙasarmu yashi ce. Don Nicanor yakan ce dutsen bai manta inda ya fito ba: duk ranar da iskar arewa za ta sauko, norte ɗin da ke rufe mana tasha, sai bangon ya yi gumi tun da safe. Wurin mahaifinsa masunci ya koyi wannan. Daga aji huɗu ya bar makaranta, ya yi sana'ar su shekara goma sha biyu, igiyar anga ta cinye masa yatsu biyu na hagu, daga nan ya koma yaron jirgin ɗaukar baƙi, har ya kai ga riƙe sitiyari.

Ta wajen 'yata Araceli na san shi. Shekara huɗu ta yi tana riƙe da lasifika a jirginsa, tana ba baƙi labarin garin, kuma ita ta rubuta bayanin da hannunta. Da ciwon jini ya ɗauke ta tana da shekara ashirin da shida, mai jirgin, Doña Hortensia, wadda kowa ke kira Doña Tencha, ba ta ɗauki wani ba. Don Nicanor ya ji bayanin har ya zauna masa a ka. Shi ya ci gaba da faɗarsa kalma bayan kalma, har da barkwancinta, har da wuraren da take tsayawa ta ja numfashi. Ni kuma duk sha ɗaya ga Fabrairu, ranar haihuwarta, nakan sayi tikiti da fararen furanni. In jirgi ya isa tsibirin Sacrificios ana kashe inji na minti goma don baƙi su ɗauki hoto. A nan nake ajiye furannin a kan ruwa.

A shekara ta shida bayan rasuwarta ranar ta faɗo cikin makon karnabal, bikin raye-rayen titi, gari cike da baƙi. Zafi ake yi, 'yar iska mai ɗumi tana busowa daga kudu, sama kuma tas, har ana hango farin kan dutsen Orizaba daga bakin ruwa. Na iso ƙarfe goma da kwata, na tarar da Don Nicanor tsaye gaban rumfar tikiti.

"Ba zan fita ba, Doña Tencha," in ji shi. "Bango ya jiƙe sharkaf. Ga dutsen Orizaba can ya fito da kai."

"Mutum talatin da huɗu suna jira a rana, kana gaya mini bango." Ta hango ni. "Injiniya, kai da ka yi karatu, karanta masa abin da wayarka ta ce."

Na duba. Hasashe ya ce iskar za ta iso ƙarfe shida na yamma, kuma ba za a hana ƙananan jirage fita ba sai ƙarfe uku. Na karanta musu haka. Gaskiya na karanta, amma ban ɓoye wa kaina ba cewa ina son a fita.

"Wayar nan ba ta taɓa jin warin teku ba," Don Nicanor ya ce. "Iskar ba za ta jira yamma ba."

"To kawo makulli. Rubén zai kai su."

Rubén mijin 'yarta ne, direban tasi ne a da, bara ya sami takardar tuƙa jirgi. Yana jingine da rumfar yana cin gurasar kaguwa. "Ƙyale shi, Mama, ya je ya ƙarasa hira da bangonsa. Tsoho, in gwiwa ce ta gaji, ga kujera a inuwa."

Don Nicanor ya ciro makullin, amma bai miƙa ba. Ya juya ya kalli layin mutanen: malamai mata 'yan Puebla da takalman soso, wani mutum mai faffaɗar hula, wata mata rungume da jaririya. Ya kalli Rubén. Sai ya mayar da makullin aljihu.

"Zan kai su. Amma ta hanyata, kuma kowa ya sa rigar ceto tun daga nan."

"A wannan zafin?"

"Ko ke ma in za ki shiga."

Hanyar da aka saba ita ce a fara zagaya cikin tasha a hankali, a wuce gaban tsohon sansanin Ulúa, sannan a fita ta bakin shingen duwatsun da ke kare tasha zuwa tsibiri. Shi ya juya ta. Ƙarfe goma da minti arba'in muka tashi, ya miƙe zuwa bakin shinge, ya ba inji wuta yadda ban taɓa ji ba. Lasifika tana rataye, bai taɓa ta ba.

"Direba," mai hula ya ɗaga murya, "an ce mana da tarihi."

"Tarihi ya jira shekara ɗari biyar, ranka ya daɗe. Zai jira rabin awa."

Aka yi dariya. Ruwa shuɗi kwance, malaman suna fifita da takardun tikiti suna ƙorafin rigar ceto. Ni kaina na fara jin tausayin tsohon, ina tunanin irin tsiyar da Rubén zai yi masa in mun koma lafiya lau.

Sha ɗaya da minti biyar muka isa tsibiri. Na cire takardar da aka naɗe furannin, na matsa gefe, ina jiran inji ya yi shiru. Bai yi ba. Don Nicanor ya karya sitiyari, jirgi ya yi kwana ya fuskanci gari. Na bi ta tsakanin kujeru na je wurinsa.

"Don Nicanor, minti biyu."

"Ko ɗaya babu, Injiniya."

"Ka san ranar yau."

"Na sani. Ni na ɗauki akwatin gawarta ta gefen hagu." Bai dube ni ba. "Kalli can."

Ya nuna arewa da hannun mai yatsu uku. Inda sama ta haɗu da ruwa akwai wani siririn layi baƙi, kamar an ja da gawayi. Sai a lokacin na lura iskar kudu ta ɗauke gaba ɗaya. Da na so, da na jefa furannin cikin kumfar inji. Ban so ba. Na koma kujerata da su a cinya.

Daga tsibiri zuwa bakin shinge tafiyar minti ashirin ce. Na riƙa duba agogo ina duba layin. Cikin minti biyar ya zama bango. Cikin goma dutsen Orizaba ya ɓace, kuma ruwan da ke gabanmu ya koma launin toka da farin kumfa a kansa. Baƙin suna ta hoto, ba su san abin da suke ɗauka ba.

Sha ɗaya da ashirin iskar ta same mu, saura kamar mita ɗari shida. Sanyi ne ya fara zuwa, sannan bugun. Faffaɗar hular ta tashi, ba wanda ya ga inda ta sauka. Igiyar ruwa ta farko ta ɗaga gaban jirgin ta buga shi ƙasa, ta biyu ta watso ciki har idon sawu. Jaririyar ta tsandara kuka. Wata malama ta miƙe za ta koma ɗaya gefen, biyu suka bi ta, jirgi ya karkata.

"Kowa ya zauna inda yake," Don Nicanor ya ce, ba da ihu ba. Bai tunkari igiyoyin gaba da gaba ba. Yakan rage wuta ya karɓi kowace a kafaɗar jirgi, in ta wuce ya ƙara. Duwatsun shinge suna hagunmu, kusa fiye da yadda nake so, ruwa yana fashewa a kansu. Wani ya fara addu'a da ƙarfi, wasu suka kama kuka, malamar ta sake yunƙurin tashi.

Sai ya miƙa hannu ya ciro lasifika.

"Barkanku da zuwa ƙofar da azurfa ta bi ta fita, barkono da bayi da zazzaɓi suka bi suka shigo," ya fara. "In kun ji garin nan ya yi muku zafi, ku gode wa Allah ba da rigar ƙarfe kuka zo ba."

A nan Araceli take tsayawa ta ja numfashi, a nan shi ma ya tsaya, muka hau wata igiya muka sauka. Ya ci gaba, hannu ɗaya a sitiyari. Ya ce ba don kyan wurin aka kafa gari a nan ba, wuri ne na yashi da sauro. Don bango ɗaya aka kafa shi, bangon sansanin Ulúa mai zobban tagulla, inda jiragen Sifen suke ɗaure kansu su ɓuya in norte ta taso. Mutane suka yi shiru, ba don tarihi ya dame su ba, sai don mutumin da ke zuba labari haka bai yi kama da wanda zai nutse ba. Malamar ta zauna. Ni kuwa na riƙe furannin da hannu biyu, ina jin maganar 'yata tana fitowa daga bakin tsoho.

Sha ɗaya da talatin da huɗu muka shige bakin shinge. Bai nufi matsaya ba tukuna. Ya ratsa tasha zuwa gindin sansanin, ya shigar da mu bayan bangon. Iska tana kuka a samanmu, amma ruwan nan ƙasa da ƙyar yake motsi. Zobban suna nan a jikin dutse, sun yi kore. Ya rage inji har ya kusa mutuwa.

"Ga minti biyunka, Injiniya."

Na sunkuya na ajiye su. Suka tsaya tare na ɗan lokaci a jikin bango, sannan suka rarrabu.

A matsaya mun tarar da Doña Tencha riƙe da sandar rumfa, tantin saman ya tafi. Rubén ne ya cafe igiya ya ɗaure. Ta tsaya tana ƙirga baƙin suna sauka, leɓenta yana motsi, har talatin da huɗu. Don Nicanor ya sauko a ƙarshe, ya miƙa mata makulli.

"Me zan yi da shi?" ta ce. "Jibi in ta lafa ka zo da wuri." Ta gyara gashinta da iska ta hargitsa. "Kuma in ka taɓa bangon naka, ka biyo ta nan kafin in fara sayar da tikiti."

Yanzu shekararsa sittin da takwas, yana nan yana tuƙi. Na san dalilin da ke sa dutse mai gishiri ya jiƙe in iska mai laima ta taso daga kudu, aikina ne sanin irin wannan. Abin da ban sani ba shi ne yadda ya gane lokacin. Na tambaye shi wata safiya muna shan kofi da madara. Ya buga cokali a jikin kofin gilashi don a ƙaro masa madara, ya ce shi bai san sa'a ba, ya dai san jiƙewar ta wuce ta iskar da za ta jira yamma.

Sau da yawa tun daga ranar nakan ratse ta hasumiyar Santiago in ɗora hannu. Dutse kawai nake ji, wani lokaci da ɗan sanyi. Furannin kuwa a gindin bangon zobba nake ajiye su yanzu. Ban roƙe shi ba, shi yake rage inji in mun iso wurin.