Awa Ɗaya Tsakanin Maradi da Bakin Teku

A wannan wata na Yuli abokina Ishaya yake cika shekara bakwai da rasuwa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Kusan kowace shekara nakan ɗauki alƙalami, in yi layi biyu, in ajiye. Bana ma da haka za a yi, sai ƙanwarsa Rahila ta kira ni daga Paris ta ce ranar Asabar za ta tafi aiki a wurin da ya mutu.

A Villeurbanne muka haɗu, gefen Lyon, muna karatun injiniya, ɗakina yana kallon nasa. Ni ɗan Damagaram ne, Musulmi. Shi ɗan Maradi, Kirista, mahaifiyarsa ce ta rene su ita kaɗai. Ina ce masa Fasto, ko da yake ba fasto ba ne. Shi kuma Malam Wataƙila yake kirana, wai bai taɓa jin na ce e ko a'a kai tsaye ba.

Duk lokacin zafi, in muna rububin neman sitaj, wato aikin koyo, a kamfanoni, shi sai ya ware sati uku ya tafi wani sansanin hutu da wata ƙaramar majami'a take shirya wa yaran unguwanni irin La Courneuve na gefen Paris, waɗanda iyayensu ba su iya kai su ko'ina. Ƙauyen da ake yin sansanin yana can ƙarshen ƙasa, arewa maso yamma, a bakin teku. Jirgin ƙasa biyu ake shiga, sannan a jira wata mota da ba ta zuwa sai safe da yamma. Aikinsa tada yara, koya musu waƙa, ba su labaran Littafi Mai Tsarki, wanke kwanuka, da ƙirga kawuna a duk ƙofar da aka fita. Da ya dawo karo na farko, tekun ne ya cika masa baki.

"Lawali, can teku tafiya yake yi. Ya kwashe kayansa ya yi nisa har ka daina ganinsa, ka taka ƙasa da ƙafarka ka je wani ɗan tsibiri. An jima kuma ya dawo."

"Kuma ka yarda da shi?"

"Ya fi ka cika alkawari. An rubuta lokacinsa a takarda an manna a ƙofa, ba ya saɓawa."

Dole in yi wa mai karatu na gida bayanin wani abu. A Faransa ana sauya lokaci. Ƙarshen watan Maris a ƙara awa ɗaya, ƙarshen Oktoba a mayar. Nijar ba a yin haka. Saboda haka da sanyi agogon Lyon da na Maradi ɗaya ne, da zafi kuwa Faransa tana gaba da awa guda. Ishaya bai taɓa sauya agogon hannunsa ba. Sun yi alkawari da mahaifiyarsa, wadda dukanmu muke ce wa Inna, cewa ƙarfe shida na yamma agogon Maradi za su yi addu'a tare, ita a tsakar gidanta, shi duk inda yake. Waya tana nuna masa lokacin Faransa, agogon hannu kuwa lokacin Inna yake nunawa. Ba shi kaɗai ba, da yawa cikinmu muna irin wannan. A cikin kansa yake ƙara awar, kuma galibi yana tunawa. Sau biyu na ga ya manta. Sau ɗaya ya iso aji ana fitowa, muka yi ta yi masa dariya har tashar tiram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari.

Ranar da na raka shi gar, wato tashar jirgin ƙasa, a tafiyarsa ta uku, yana ba ni labarin dokar sansanin: ma'aikata ba su riƙe waya da rana, a buro, wato ofis, ake ajiyewa, don yara su samu hankalinsu duka. Na dubi hannunsa. Na tuna sarai na duba. Maganar ta zo mini har baki, cewa in babu waya to da wane lokaci zai yi aiki, sai na haɗiye. Na ji tsoron kada ya zama ni Musulmi ina sa baki a addu'ar Kirista da uwarsa. Na ce wa kaina ai sau biyu ya je ya dawo lafiya. Muka yi sallama.

Shugabar sansanin, wata dattijuwa, ita ta gaya mini yadda aka yi. Bayan abincin rana Ishaya ya tafi tsibirin shi kaɗai, ya kafa tutocin wasan da yara za su yi washegari. Ta ce masa ya dawo kafin ƙarfe huɗu, haka kuma takardar ƙofa ta nuna. Wajen huɗu da rabi wani masunci ya hango shi daga nesa yana dawowa, ruwa kuwa ya riga ya zagayo ta wani kwari ya shiga tsakaninsa da gaɓa. Mutumin ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne ba gudu yake ba. Tafiya yake a hankali, irin ta wanda yake da sauran lokaci. Bayan kwana biyu aka same shi. A maƙabartar ƙauyen aka binne shi, da yardar Inna.

Sunana ne a takardarsa na wanda za a kira in wani abu ya faru, don haka ni jandarma suka miƙa wa kayansa. A hanyar dawowa, a tashar da nake sauya jirgi, na buɗe ledar kayan. Agogon yana tafiya abinsa, ruwa bai lalata shi ba. Na tashar ya ce biyar da minti goma. Nasa ya ce huɗu da minti goma.

Ban ce wannan ne ya kashe shi ba. Ban sani ba. Mai yiwuwa ya ƙara awar kamar kullum, wani abu dabam ya tsare shi. An ce laka tana riƙe ƙafa a wurin, an ce hazo yana sauka ba sallama. Jandarma sun rubuta hatsari, babu wanda ya tambayi agogo, ni ma ban tayar da zancen ba. Na haɗa shi da sauran kayan na aika Maradi. A can kuwa agogon daidai yake, babu abin da wani zai gani. Inna ta rataye shi a bangon ɗakinta, tana sauya masa batir. Duk shekara in na kira ta gaisuwa sai ta ce, "Ɗana, ka ga agogon ɗan'uwanka, har yau bai taɓa saɓa mini ba." Ni kuma in ce Allah ya ƙara haƙuri.

Shi ya sa da Rahila ta kira, washegari na shiga jirgi zuwa Paris. Shekara biyu ke nan da zuwanta karatun jinya. Muka zauna a wani ɗan gidan abinci a Belleville, na shiga kawo mata dalilai: nisa, sanyin ruwa, karatun da ke gabanta, rashin rezon waya.

"Yaya Lawali, tun daga Lyon ka taso don ka gaya mini ruwa yana da sanyi?"

"Wataƙila dai ki bari sai baɗi."

"Wataƙila! Ashe gaskiya Ishaya ya faɗa. Me kake ɓoyewa?"

Na gaya mata duka, har da kallon da na yi wa hannunsa a gar. Shinkafarta ta huce.

"Shekara bakwai," ta ce.

"Ban tabbata ba ne, Rahila."

"Ni ma ƙarfe shida nake addu'a da Inna, ka sani? Tun da ya mutu na karɓa." Ta ture farantin. "Zan tafi. Kabarinsa yana can, yaran kuma suna can. Amma Inna tana da haƙƙin sani, kuma ba daga bakina ba. Kai ka ɓoye, kai za ka faɗa."

Sau biyu na kira Inna a wannan satin. Duka biyun a gaisuwa muka ƙare: ya gida, ya damina, ya jikoki. Na kira dattijuwar sansanin kuma, ita kam na samu na gaya mata zancen agogon. Ta ce dokar waya tana nan, kuma tun daga lokacin matasa da dama daga ƙasashenmu sun yi musu aiki, ba ta taɓa tunanin duba hannun kowa ba. Ta ce daga bana za ta duba. Wannan magana ta fi komai tsaya mini. Mutum nawa suka taka wannan rairayin da lokacin gida a hannu, ina nan Lyon na yi shiru?

Ina yawan tambayar kaina me Ishaya zai ce da yana gani. Game da tafiyar Rahila ba ni da shakka, cewa zai yi ta tafi, ta kuma ɗauki rigar sanyi biyu. Zai ji daɗi ya ji cewa wasu cikin yaran da ya koya wa waƙa su ne ma'aikatan sansanin yanzu, kamar yadda Rahila ta gaya mini. Ina jin wannan ne abin da ya bari, wannan da addu'ar ƙarfe shida da ba ta yanke ba. Game da rubutun nan kuwa ban sani ba. Mai yiwuwa ya ce na yi daidai. Mai yiwuwa ya ce na je na ɗora wa tsohuwa dutse a ƙirji don in sauke nawa.

Inna ba ta karatu, amma na san a majami'arsu akwai masu bin wannan shafi, kuma kafin Lahadi wani zai kai mata. Kai da za ka karanta mata, ina roƙonka, ka bari sai ta zauna, kuma kada ka tafi ka bar ta ita kaɗai. Ka karanta duka, har wuraren da na ce ban sani ba, kada ka tsallake su. In ta tambaya ko addu'arta ce ta jawo, ka ce mata ita ba ta taɓa jin ana sauya lokaci a wata ƙasa ba. Wanda ya sani, ya kuma gani, ya yi shiru, sunansa Lawali, kuma lambarsa tana cikin wayarta.