Ranar da Na Yi wa Dattijon Chadi Tafinta

Ina aikin jinya ina zaune a Gaithersburg, kusa da Washington, lokacin da wata Baturiya 'yar cocinmu ta buga mini waya. Ta ce akwai wasu masu shirya fim, mata da miji, suna ɗaukar labarin mutanen da suka gudo daga yaƙi, don su roƙi gwamnati ta daina korarsu. Sun samu wani dattijo ɗan Chadi da ba ya jin Turanci, amma yana jin Hausa. Ko zan yi musu tafinta?

A falona aka yi ɗaukar, wata Asabar da hantsi. Suka ture kujeru, suka kafa fitila mai zafi, suka sa na kashe firji saboda ƙararsa. Dattijon ya shigo cikin wata kwat da ta yi masa yawa. Na rusuna na ce, "Baba, ina kwana?" Ya dube ni ya amsa. Ya ce rabonsa da jin gaisuwa irin wannan tun kafin ya sauka ƙasar.

Da can fataucin shanu yake yi, a wurin fataucin ya koyi Hausa. Ya faɗi yadda sojoji suka shigo unguwarsu suka tafi da ƙanensa da ɗansa na fari. Ina juya maganar zuwa Turanci, ina ji tana raguwa a bakina.

Matar mai shirya fim ɗin ta tambaya ko yana da wata takarda ta shaida. Ya juyo gare ni.

"'Yata, alƙali ma haka ya tambaye ni. Wanda ya zo ɗaukar ɗanka, takarda yake bar maka?"

Da suka gama, yana saka takalmi, ya ce, "In manya suka ga wannan, za su bar ni?"

Na tambayi mijin. Ya sunkuyar da kai ya ce fatansu ke nan. Ni kuma na ce, "In Allah ya yarda, Baba."

Fim ɗin ya fi shekara kafin ya kammala. Shari'ar neman mafakar Baba ba ta jira shi ba. Ranar zaman, na tashi daga aiki na wuce kotun da fararen kayana, na zauna a bencin baya. Wani ne ya yi masa tafinta da Faransanci, harshen da Baba yake tsintar kalmominsa ɗai-ɗai. Na ji inda aka rasa gane shi. Na ɗaga hannu, lauyansa ya girgiza mini kai. Aka ƙi roƙonsa.

Daga baya aka nuna fim ɗin a zauren wani coci a Washington. Mutane sun cika, wasu sun yi kuka, kowa ya sa hannu a wasiƙar da za a kai majalisa. Ni ma na sa. Wata mata ta gane muryata, ta tambaye ni yanzu dattijon yana ina. Na ce ban sani ba.

Kafin a mayar da shi Chadi ya ba ni adireshin shagon wani abokinsa a Maiduguri. Sau uku ina rubutawa, amsa ba ta zo ba.