Alaben Babana Ya Riga Ni Zuwa Damagaram

A shekarata ta huɗu a Lyon na kamu da wani wasa wanda har yau nake jin nauyin bayyana wa dattawan gida. Wata Bafaranshiya da muke aiki tare a ɗakin bincike na jami'a ce ta koya mini. Mutane ne ke ɓoye ƙananan akwatunan roba a jikin bango, ko ƙarƙashin benci, ko cikin kogon itace, su sa wurin a intanet, wasu kuma su bi da telefon su nemo. In ka samu sai ka sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, ka mayar yadda ka tarar. Da farko dariya na yi mata, na ce sai ƙosasshe ke neman abin da bai ɓace masa ba. Kafin wata ya zagayo ni ne ke rarrafe a bakin kogi da wandon zuwa aiki.

Cikin wasan akwai abin da ake kira matafiyi. Za ka sayi ɗan ƙarfe mai lamba, ka ɗaura wa wani abu naka, ka rubuta inda kake so ya je. Wanda ya tarar da shi a akwati ya ɗauka ya kai wani akwatin a gaba, ya shigar da lambar a intanet, kai kuwa kana zaune kana kallon tafiyarsa. Nasara ƴar tsana suke ɗaurawa, ko ƙaramar mota. Ni da ba na son a fi ni, alaben babana na ɗaura.

Ƴar jaka ce ta jar fata, ba ta kai tafin hannu ba. Babana baduku ne a Damagaram, shi ya ɗinka, Inna kuma ta cusa mini a kaya ranar da zan taho, shekara guda bayan rasuwarsa. Na maƙala kati na rubuta da Faransanci cewa alaben nan gida yake so ya koma, Zinder, wato Damagaram. Abokiyar aikina ta gargaɗe ni kada in sa abin da ba zan iya rasawa ba, domin akwai masu sacewa, akwai masu cire ƙarfen su yar da sauran. Na ce mata fatar Damagaram ba ta ɓata. Ni kaina kuwa ban leƙa gida ba tun zuwana. In Inna ta kira tambayarta ɗaya ce, yaushe, binciken nawa kuma ya ƙi ƙarewa. Da amsoshi suka ƙare mini sai na koma barin telefon yana kuka har ya gaji.

Alabe ya tashi daga Lyon, ya yi mako a Dijon, wani ya kai shi Paris ya ajiye a akwatin da ke unguwar Château Rouge. Daga nan shiru. Mai neman da ya biyo baya ya rubuta cewa ya buɗe akwatin, ba alabe a ciki.

Ranar ban yi aikin kirki ba. Na rubuta wa ɓarawon saƙo a shafin wasan, da Faransancin da ban san na iya ba, na ƙare da fassara masa cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mutum uku suka yi mini jaje, ɗaya ya tambayi ma'anar ranakun. A ƙasan fushin kuwa tsoro ne da kunya, na ɗauki abu ɗaya da nake da shi na hannun babana na jefa a titi don in burge Nasara. Asabar da safe na hau jirgin ƙasa zuwa Paris.

Akwatin yana bayan bututun ruwan sama, tsakanin mahauci da wani shagon atamfa. Na tsugunna na zazzage shi, ba komai sai ɗan littafin da fensir da maɓalli da wata ƙaramar giwa ta roba. Na saki zagi da Hausa, irin wanda ba a rubutawa. Sai na ji murya a kaina tana cewa a yi a hankali, akwai manya a wurin.

Mai shagon atamfar ne, wani Alhaji mai farin gemu, mutumin Mirriya, kusa da Damagaram. Muka gaisa tun daga gajiya har mutanen gida, ya ja ni ciki ya sa mini kujera. Ya ce wata da watanni yana ganin Nasara suna lalube a bayan bututun nan suna waige-waige, har ya yi zaton ƙwaya ake sayarwa. Ran nan ya ce bari ya gane wa idonsa. Yana buɗewa ya ga ɗinkin Damagaram kwance cikin tarkacen yara, da kati yana roƙon a kai shi gida.

"Ɗana, abu ya ce Zinder za shi, ni kuma kowane sati ina da mai tahiya. In bar shi bayan bututu Nasara na yawo da shi?"

Ya ba wata Hajiya da ta zo sarin atamfa, kwana tara ke nan. Ƙarfen mai lamba kuwa ya cire, don kada ya yi ƙara a filin jirgi a tsare baiwar Allah. Ya nuna mini shi, ga shi nan yana lilo a jikin mabuɗan shago. Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa a wasan so ake abin ya tafi a hankali, hannu zuwa hannu, ko da zai shekara goma. Ya dube ni yadda ake duban wanda karatu ya taɓa. Ya ce shi tun tasowarsa bai taɓa jin an yi alfahari da saƙon da ya daɗe a hanya ba. Ga ɓarawona a gabana yana zuba mini shayi yana jiran godiya, kuma na yi masa.

Na tambaye shi wa aka ce a ba, tunda ba suna a katin. Ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne, ya gaya wa Hajiya ta kai wa dukawa, su sun san hannun junansu. Nan na ajiye shayin. Na ciro telefon, ga kiran Inna jere tun ranar Laraba, ban ɗauki ko ɗaya ba.

A ƙofar shagon na kira ta. Ta ɗauka, ta tabbatar muryata ce. Sannan ta ce dukawa sun zo su uku, sun yi sallama, sun miƙa mata alaben da ta sa mini a kaya, ba wasiƙa, ba bayani. A wurinmu kayan mamaci ake aikowa haka. Kwana uku abinci bai wuce mata ba. Na fara ba ta labarin akwati da lamba da intanet, ta katse ni.

"Na rataye shi a ƙusar da babanka ke ratayewa. Shi da ba shi da ƙafa ya zo."

Ba ta tambaye ni yaushe ba. Na koma cikin shagon na zauna, Alhaji ya yi kamar bai ga idona ba, ya ci gaba da ninke atamfa. Da na ce masa zan je gida hutun nan, sai ya ce madalla, in biyo ta wurinsa kafin in tashi, yana da saƙo.