Faifan da Lindsay Ya Sa a Firiza

Yayana Lindsay Treloar direban bas ne a Launceston har ya yi ritaya, amma in ya fara zancen sauti sai ka rantse shi ya ƙera kunne. Yana da wata na'ura mai nauyin tsiya, ba ta da aiki sai juya faifan sidi, ya ɗora ta kan falalen dutse don kada ta girgiza. Ni kuwa tuni na kwashe waƙoƙina na zuba a kwamfuta, shi ya sa yake kirana kurma.

"Ke Glenys, waƙar da aka kwafa ai gawa ce," haka yake ce mini kullum.

Matarsa Noelene mawaƙiya ce a cocinmu tun tana budurwa, kafin aikin tiyatar maƙogwaro ya bar ta da raɗa kawai. Abin da ya rage na muryarta faifai ɗaya ne tak, wanda aka ɗauka a wani bikin Kirsimeti, kuma Lindsay ya hana a kwafa. Sai abokansa mayun sauti suka ce masa in faifai ya kwana a firiza, sauti ya fi fita tas. Wallahi mutumin nan ya sa shi, tsakanin kifi da koren wake!

Da ya fito da shi, sai rufin bayan faifan ya fara ɓarewa. Na'urar na isowa inda Noelene ke waƙa ita kaɗai sai ta hau tsalle, ta ƙame. Ranar Lahadi ya zo gidana da faifan a naɗe cikin tawul, idonsa ja wur. Na so in wanke shi tas, tausayi ya hana ni.

Na ce, "Yaya, na'urarka sau ɗaya take karanta wuri ta wuce. Kwamfutata naci gare ta, za ta yi ta komawa sai ta samu."

"Wannan akwatin banzan?"

"Zauna ka yi mini shiru, sarkin kunne."

Na zura faifan a kwamfuta ta fara kwafa. Muka ci gasasshen rago, muka wanke kwanuka, kwamfuta na ta gurnani a wuri guda. Shi kuwa sai safa da marwa yake a bayana, har na kore shi waje ya ba kare abinci. Can da la'asar kwamfutar ta tofo faifan, ta gama kwafa.

Muka kai ta gidansa. Da hannunsa ya zare wayar na'urarsa ya jona kwamfutata da manyan lasifikokinsa. Noelene na zaune tana saƙa. Waƙa ta taho, ta iso wurin nan, ta wuce lafiya lau, muryar ta hau sama garau ta cika falo. Na buga tebur, na yi ihu. Lindsay kuwa kuka yake, ko ɓoyewa bai yi ba.

Noelene ta ajiye saƙa, ta jawo hannun rigarsa, ya sunkuyo.

Ta raɗa masa, "Ƙara murya, tsoho. So nake maƙwabta su ji ni."